Motar da Kawu Ya Tayar Kafin Ya Tafi

Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata tsakanin azahar da la'asar, a kan tabarmarsa, a tsakar gidansa da ke Matameye. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi.

A kwanakin zaman makoki mata sun cika gidan har wasu suka rasa wurin zama, suka jingina da motar. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa gaban Inna, matarsa, ta yi mata gaisuwa, sannan idonta ya zame ya koma kan doguwar koriyar motar nan da ke sheƙi a gefen rumbu. Wata tsohuwa da ta taso daga Icirnawa ba ta ko zauna ba sai da ta je ta leƙa kujerar baya. Ta ce a nan ta haifi ɗanta na fari, a bakin hanya, Kawu ya fitar da fasinjoji maza duka ya tsaya da su can nesa cikin hatsi, ya juya wa motar baya har aka ji kukan jariri. Ta ce a lokacin motar fara ce. A ƙofar gida kuwa tsofaffin direbobin tasha sun yi layi a kan benci, suna ta musu a kan ko wace shekara ya fara jigila zuwa Damagaram, har liman ya ɗaga murya da addu'a suka yi shiru.

Inna ba ta yi kuka mai yawa ba. Wata maƙwabciya ta matso ta ce mata ta daina dannewa, ta fitar da abin da ke ranta. Inna ta ce, "Ba dannewa nake ba. Da bara ya tafi, da kun ji kukana har kasuwa. Yanzu kam ya sauke kayansa."

Maƙwabciyar ba ta gane ba. Ni na gane, domin a gidan na tashi. Ina ƙarama mahaifiyata ta rasu, Kawu ya ɗauko ni ya ba Inna riƙo, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji. Na zauna rubuta wannan ne don jikokinsa. Su motar kawai za su tuna, koriya, mai ƙanshin sabon fenti. Ina so su san mutumin da ya tayar da ita, da dalilin da ya sa.

Motar irin doguwar nan ce mai layin kujeru uku, wadda muke kira familiyal. Da ita Kawu ya ci da mu. Ranar kasuwar Dungu ya tafi Dungu, ranar ta Yauri ya tafi Yauri, sauran kwanaki Damagaram. Takan dawo da damin rake a samanta, da kaji a ƙarƙashin kujeru, da mutanen da ba wanda ya san yadda aka yi suka shiga. Ba ya tayar da mota sai ya waiwaya ya ce, "Kowa ya ɗauko takalminsa?" Tun ranar da ya koma da wata tsohuwa tafiya mai nisa saboda ƙafar takalmi ɗaya yake wannan tambayar, kuma har ya tsufa, ko masallaci za a fita sai ya yi ta. Ba ya son a buga masa ƙofar mota da ƙarfi. In ka buga, ba zai yi faɗa ba, zai fito ya zagayo, ya buɗe ta, ya rufe a hankali yana kallonka, ya koma mazauninsa. Manyan mutane sun ji kunya a kan wannan.

Aparantinsa, mai ɗaure kaya da duba ruwa da mai, ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, autan ɗakinsu. Kawu Auta muke ce masa. Shi ne mai kunnen inji. Yana kan hanyar zama direba, har an sa masa ranar aure.

Wata damina, da safe kafin su fita kasuwar Dungu, Kawu Auta ya ga man furen, wato birki, yana ɗiga a ƙarƙashin mota. Ya faɗa wa wansa. Motar ta riga ta cika, fasinja na ta ƙorafi, Kawu ya ce a bari sai an dawo. A hanyar dawowa saniya ta faɗo musu a wata gangara, ya taka furen bai kama ba, ya kauce, motar ta kife a kwari ta ɓangaren dama. Fasinjoji sun fita da ƙujewa da targaɗe. Kawu Auta, da ke zaune a gaba ta wannan ɓangaren, ƙafarsa ta hagu ta maƙale. Ya rayu, amma gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Tuƙi ya ƙare masa tun bai fara ba.

Shanu ne suka jawo motar zuwa gida. Kawu ya sa aka tura ta bayan rumbu, ɓangaren da ya lotse yana manne da katanga, aka ɗora ta a kan duwatsu. Bai sake riƙe sitiyari ba. Ya koma noma da sarin rake. Kawu Auta ya buɗe rumfar faci da gyare-gyare a bakin tasha, ya yi aurensa, ya gina gida a lungun bayanmu.

Ba su yi faɗa ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mana rai. In an haɗu a suna ko jana'iza, za su yi musabaha. "Yaya, ina kwana." "Lafiya lau, Auta, ya iyali." Shi ke nan. Ba su sake cin tuwo a kwano ɗaya ba. Ranar salla Inna takan aika ni da abinci gidan Kawu Auta, a karɓa da godiya, a dawo da kwano cike da nasu. Muka girma, muka yi aure, muka haihu, ƴaƴanmu suka ɗauka haka ƴan'uwa maza suke zama. Sau da yawa na ga Kawu ya kama hanyar tasha, in ya hango rumfar faci sai ya tsaya sayen goron da ba ya bukata, ya juyo.

Motar kuwa ta zama ɗakin ajiyar Inna. Buhunan wake a kujerar tsakiya, tsofaffin ƙore a baya, kaji suna ƙwai a gaban sitiyari. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta sallama, Kawu yana ce musu ba ta sayarwa ba ce. In aka tambaye shi to ta mece ce, sai ya tashi ya shiga ɗaki.

Shekarar da ta wuce ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya in ya yi ƴar tafiya. Babban ɗansa ya kai shi Damagaram, na raka su. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba da magani, ya ce a rage gishiri, a daina aikin ƙarfi. A mota muna dawowa, abin da nake ta juyawa a raina ba mutuwar ba ce, kowa zai yi ta. Tsorona shi ne ya tafi alhali tsakaninsa da ƙanensa ba komai sai ina kwana.

Washegari da hantsi na zo duba shi, na tarar da kayan Inna a zube a tsakar gida, kaji suna ta kyarkyara, Kawu tsaye da tsintsiya a bakin motar.

Inna ta ce, "Zo ki ga kawunki. An ce ya huta, ya kori kajina."

Ya ce, "Zaune zan yi aikin."

"Aikin me, Malam? Ina za ka da ita?"

"Ba inda za ni. So nake ta tashi."

Mun yi ta roƙonsa. Babban ɗansa, kafin ya tafi cin rani Kano, ya zaunar da shi ya ce wannan aikin zai ƙarasa shi. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce in ya isa Kano ya nemo masa buji, wato fulogin inji, da robobin ƙofa da fitilar baya, ya aiko da su. Ɗan ya fita yana girgiza kai. Amma ya aiko.

Zaune ɗin ya yi, yawanci. Ya sa aka kawo masa kujera ƴar tsugunne, ya fara da kankare tsatsa. Inda ƙarfe ya ɓule ya kira mai walda ya toshe, inda ya lotse kaɗan ya sa guntun itace ta ciki yana bugawa da guduma a hankali, ya tsaya ya shafa da tafin hannu, ya sake bugawa. Ya cike ramuka da mastik, ya goge da takardar yashi har yatsunsa suka yi fari. Yakan yi aiki kaɗan, ya jingina da motar yana haki, Inna ta miƙo masa ruwa ba tare da ta dube shi ba. Ni tela ce, don haka kujeru suka faɗo kaina. Na yage tsohuwar fatar da ɓeraye suka cinye, na samo soso, na ɗinka musu riga da yadi mai kauri. Yakan sa hannu ya ja ɗinkin ya ce, "Fasinja ba ya zama da hankali, ƙara bi." Na ƙara bi.

Abin mamaki, kumburin bai ƙaru ba. Ya koma cin abinci. Har ya fara tsokanar jikoki.

Ya gama gaba, ya gama baya, ya gama ɓangaren direba. Ɓangaren da ke jikin katanga ne bai taɓa ba. Da aka sa tayoyi, samarin unguwa suka turo ta tsakiyar fili, muka ga wurin a karo na farko tun ina yarinya. Ƙofar gaba ta shige ciki kamar an naushi ƙwarya, gizo-gizo ya yi saƙa a inda gilashi yake a da. Kawu ya daɗe yana kallo. Ranar bai yi aiki ba, washegari ma haka. Sai ya bar ƙofar ya koma kan inji.

Injin ya ƙi. An wanke tanki, an zuba esansi, wato fetur, an aro batiri, ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta mutu. Kullum da safe haka, kullum da yamma haka. Duk lungun an san wannan tarin. Kuma gidan Kawu Auta katanga ɗaya ce ta raba shi da namu.

Wata ranar Alhamis ina zaune ina ɗaura rigar kujerar baya, na ji sallama da ƙarar sanda a zaure. Inna ta saki muciya. Kawu Auta ne, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Rabonsa da tsakar gidan nan tun kafin a yi mini aure.

Ya ce, "Yaya, kana kashe batirin mutane a banza. Wutar injin ba daidai take ba. Tun daga ɗakina nake ji."

Kawu ya ce, "To."

Amma bai nufi inji ba. Ya jingine sandarsa, ya kwanta a ƙasa da ƙyar, ƙafar nan a miƙe, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin motar. Muka ji yana kwance-kwance. Can sai ga bututun furen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, yana jefo su waje, duk sun ci tsatsa. Ya fito ya tattara su ya watsa bayan rumbu.

Ya ce, "Sababbi za a sa. Duka. Kafin nan ba mai tayar da ita."

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Sababbi za a sa."

Tun daga ranar kullum in ya rufe rumfa sai ya biyo. Suna aiki, amma maganarsu ba ta wuce miƙo wannan, riƙe nan. Ƙofar da ta lotse su biyu suka cire ta, ɗaya ya riƙe ɗaya yana bugu, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Inna takan kawo musu fura a kofi biyu. Da furen ya kammala, Kawu Auta ya taɓa wani abu a jikin inji, ya ce a murɗa, motar ta kama da ruri, hayaƙi ya cika gida, tantabaru suka watse. Mata suka yi guɗa ta kan katanga. Su biyun ko murmushi ba su yi ba. Da yamma na koma gida. Na ce wa mijina motar ta tashi, amma ban ga alamar komai ya tashi tare da ita ba.

A kan fenti abin ya fashe. Kawu ya ce za a aika Kano a sayo fari, kamar yadda take a da.

Kawu Auta ya ce, "Ba fari ba."

"Da fari aka san ta."

"Ni ma da fari na san ta. A ƙarƙashinta nake kwance ina kallon farin nan har aka zo aka ɗaga ta. Ba zan sake ganinta fara ba."

"Motata ce, Auta."

"Motarka ce. Ranar ma haka ka ce mini."

Inna ta kama hannuna ta ja ni cikin ɗaki, muka tsaya a bayan labule. Muryar Kawu Auta ta tashi. Ya faɗi abin da ya haɗiye tun yana saurayi. Ya ce ya nuna masa man a ƙasa da yatsansa. Ya ce ya kwanta wata da watanni a gidan mai ɗori, wansa yana zuwa kullum da nama da magani, yana zama a bakin ƙofa, amma bai taɓa buɗe baki ya ambaci safiyar nan ba. Ya ce, "Ƙafa Allah ne ya karɓa, na haƙura da ita tuntuni. Shirunka ne ban iya haɗiyewa ba. Ka bar ni ina tunanin ko ma ban faɗa maka ba, ko mafarki na yi."

Na ji tsoro saboda ciwon zuciyar Kawu. Na yunƙura zan fita, Inna ta riƙe ni. Ta ce a hankali, "Bar su. Shekara nawa ina roƙon Allah in ji wannan faɗan."

Sai muka ji Kawu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ka faɗa mini. Na ji ka sarai. Na ga man. Na dubi motar cike, na ce za ta kai mu. Ba saniya ba ce, ni ne. Kullum in na zo zan faɗa maka, sai in ga ƙafar, bakina ya mutu. Ka yafe mini, Auta."

Mun ji Kawu Auta yana jan hanci, yana buga sandarsa a ƙasa. Can ya ce, "Da ka faɗi haka tun a gidan mai ɗori, da mun huta." Sannan ya ce, "Na yafe, Yaya. Amma ba fari ba."

Inna ta zame ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Da ta tashi zuba tuwon dare, a kwano ɗaya ta zuba, ta ce in kai.

Kore suka zaɓa, irin na ganyen rake. An yi fentin bayan an gama girbi. Kawu Auta ya sa aka ɗauko injin iskar da yake hura taya da shi a rumfa, ya haɗa masa bindigar feshi. Aka rufe gilasai da takardun siminti, aka kewaye motar da tabarmi da zannuwan Inna, aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka kulle kaji a akurki. Inna ta hana Kawu matsowa saboda warin, ta ajiye masa kujera a bakin zaure, daga can yake ba da umarni. "Ka yi kauri a nan." "Ban yi ba." "Zai zubo." "Yaya, in ka iya ka zo ka karɓa." Haka suka wuni. Kaza ɗaya ta kuɓuce ta haye kan rufin tun bai bushe ba, sai da aka goge wurin aka sake. Kowannensu ya ce ɗayan ne bai rufe akurkin da kyau ba. Mu dai muna madafa muna jin su, abin yana mana daɗi kamar kiɗan biki.

Fitarta ta farko Dungu aka nufa. Babban ɗan Kawu, da ya dawo daga Kano, shi ne ya tuƙa. Kawu da Kawu Auta suka zauna a kujerar tsakiya, inda ƙafar za ta samu wurin miƙewa, ni da Inna a can baya. Mutanen tasha suka miƙe tsaye da muka wuce, wani tsoho ya bi mu da gudu kaɗan yana ɗaga hannu. Can muka fara sauka gangarar nan da ta taɓa kifewa. Kawu ya kama bayan kujerar gaba da hannu biyu.

Kawu Auta ya ce wa direban, "Taka furen."

Ya taka. Motar ta tsaya cak a tsakiyar gangara, har goshina ya bugi kujera. Ba kowa a hanyar sai wata mata da tulu a kai, tana kallonmu.

Kawu Auta ya ce, "Ta tsaya."

Kawu ya saki kujerar ya ce, "Ta tsaya." Ya sauke numfashi mai tsawo. "To, mu je."

A Dungu suka sayi rake, suka zauna a inuwa suna sha, duk da Kawu haƙoransa ba su da ƙarfi, sai ƙanensa ne yake fere masa yana yanka ƙanana.

Ya ƙara ƴan watanni bayan wannan. Jikin ya ci gaba da ja baya, amma kullum bayan la'asar za ka tarar da tabarma a gefen motar, mutum biyu a kai, da butar shayi, suna musu a kan hanyoyin da aka daina bi da direbobin da suka mutu. Ranar Talatar nan, bayan ya yi sallar azahar, ya lura wani jika ya karce ƙofar baya da kara. Ya sa aka miƙo masa ragowar fenti a gwangwani, ya shafe wurin da ɗan tsumma, ya koma tabarma ya ce wa Inna zai ɗan kishingiɗa. Da ta zo tashinsa sallar la'asar, ya riga ya tafi.

Kawu Auta ne ya yi masa wanka. Ba wanda ya ce masa ya yi, shi ya tuɓe babbar riga ya shiga. Ya daɗe a ciki har liman ya aiko a ji ko lafiya. Sai ya leƙo ta bakin ƙofa ya kira ni, ya ce in samo masa kananzir kaɗan da tsumma mai tsabta. Na tambaye shi na mene ne.

Ya ce, "Akwai fenti a yatsunsa. Ruwa ba zai taɓa fata ba sai an cire."

Na kawo. Ya karɓa, ya juya zai koma, sai ya tsaya ya ce, ba ni yake kallo ba, "Rabona da riƙe hannun nan tun yana tsallakar da ni hanya zuwa makarantar allo. Ku ce wa liman ya ƙara haƙuri, ba zan yi gaggawa ba."

Ya saki labulen. Muka jira shi.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya haɗa shi da iyayensa da ƴar'uwarsa a gidan rahama. Wanda ya bari a baya, Allah ya ba shi haƙuri, ya sa in tamu ta zo mu ma ta same mu mun gama faɗin abin da ke bakinmu.